Kyanwar da Na Kashe Sau Biyu

Masu karanta littattafaina sukan tambaye ni abin da ya sa ba a rasa kyanwa a cikinsu, da abin da ya sa ba ta taɓa mutuwa. A kashe maigida, a shaƙe direba, a ƙona shago, ita tana nan kan katanga tana lasar hannu. Nakan ce haka na ga dama. Ba ƙarya na yi ba, amma ban faɗi duka ba.

Na fara rubuta labaran kisa da bincike ina 'yar shekara goma sha tara, a shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula. Na gama sakandare, sakamako bai yi kyau ba, ba aikin yi, ina zaune da Ummata a gidan haya a unguwar Makera. Babana ya rasu tun ina aji biyu. Ƙawayena labaran soyayya suke karantawa, ni kuwa shafi uku nake yi in yar. Ba ni da haƙurin jiran mutum biyu su gama kallon juna. A ba ni gawa a shafin farko, in san abin da ake nema. A littafin rubutu na 'yan makaranta nake yi da biro, in na gama babi in fito tsakar gida bayan la'asar in karanta wa mata suna tsinke alayyafo.

Gidan ɗaki takwas ne, famfo ɗaya. Hajiya mai gidan tana ɗakin farko kusa da zaure, inda ba mai shiga ko fita ba ta gani ba. Dukkanmu Musulmi ne, ban da ɗakin ƙarshe na kusa da famfo. Nan Maman 'Yanbiyu take da mijinta, Kiristoci ne daga kudancin jihar, kuma sun riga mu shiga gidan da shekaru. 'Yanbiyun sun girma sun tafi, sunan ya zauna. Ita tela ce, mai dariya da ƙarfi. Shi kuma a sashen rini yake aiki a wata masaƙa a Kakuri, muna ce masa Baba mai rini. Hannayensa shuɗi ne har wuyan hannu, launin ya shige ƙarƙashin farce, ba sabulun da ke fitar da shi. Ba ya magana. Gaisuwa, rediyo, barci.

Zancen kyanwa a labaraina da farko dabarar sana'a ce kawai. A tsofaffin littattafan Turanci da nake tsinta a bakin titi, ɗan sanda yana shiga ko'ina, ya buɗe akwati, ya ɗaga katifa. A gidajenmu wane namiji ne zai shiga ɗakin matar aure ya ɗaga katifa? Kare kuwa ko zaure ba a barinsa ya wuce. Kyanwa ce kaɗai ke shiga kowane ɗaki ba sallama, ta hau gado, ta sa baki a ruwan alwala ba a ce ya ɓaci ba. Ta san wanda ya fita da asuba. Ta san hannun da ke warin abin da bai kamata ba. Tunda ba ta magana, mai laifi mantawa yake yi da ita, sai mai bincike ya duba inda ta kwanta da inda ta ƙi kwanciya.

Muna da tamu a gidan, mai ruwan toka, kunne ɗaya a yage. Ba ta kowa ba ce, amma a kan tarin ƙyallaye take kwana, ƙarƙashin keken ɗinkin Maman 'Yanbiyu. Ta ƙoshi da kan kifi har ta daina kula ɓera. Ɓera zai wuce ta gabanta, ta bi shi da ido kamar tana gaishe shi.

A labarina na uku na kashe kyanwa. Wani mutum ne ya aika wa maƙwabcinsa abinci da guba a ciki, wata tsohuwa mai wayo ta ce a dakata, ta gutsiri loma ta jefa wa kyanwa, kyanwa ta ci ta faɗi. Ina bukatar wata alama da za a gane mugun da ita. Na ɗaga kai ina tunani, sai ga Baba mai rini a bakin famfo yana wanke hannu. Na rubuta shuɗin hannu. Ƙiwa ce kawai, ba ni da komai da shi a rai.

Da na karanta babin, mata suka fashe da dariya, Maman 'Yanbiyu ta fi kowa.

"Marubuciya," ta ce, don haka take kira na, "mijin nawa da ko kaza ba ya iya yankawa, shi kika ba aikin kisa?"

Hajiya ce ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni ko da gaske ruwan rinin masaƙa yana kashe mutum. Ban sani ba. Na ce mata sosai ma, cokali ɗaya ya isa, don kada a ce marubuciya ba ta san abin da take rubutawa ba.

Daga ranar maganar ta zama abin wasa a gidan. Duk wadda aka miƙa wa kwano sai ta ce a ba kyanwa ta ɗanɗana tukuna. Ni daɗi nake ji, maganata ce ke yawo.

Garin kuwa yana canzawa. Tunda soja suka tafi bakin kowa ya buɗe, abin da ake faɗa a ɗaki aka koma faɗa a cikin bas. Mutane suka fara tambayar juna ta wane gefen gada suke kwana. A layin bayanmu wani iyali suka kwashe kaya rana ɗaya suka koma unguwar Television, inda Kiristoci suka fi yawa, wasu kuma suka taso daga can da katifu a kan mota. Ba wanda ya ce an kore shi. Babban ɗan Hajiya, magidanci mai sayar da kayan gyaran mota, shi ne ke da benci a ƙofar gida inda maza ke majalisa. Ya fara matsa wa uwarsa ta ba ɗakin ƙarshe notis su tashi. Hajiya takan ce mutane ba su yi mata komai ba, ba za ta tashe su ba dalili. Kowa ya ji kalmar. Dalili ake jira. Kuma kowa ya san in dalilin ya fara isa bencin nan, ba notis za a bayar ba.

A wannan shekarar Kirsimeti ta faɗo cikin azumi. Saura kwana biyu, na jawo littafina na huɗu daga ƙarƙashin gado na tarar ɓeraye sun cinye ganye uku, daidai inda aka gano gawa. Na zagi kyanwa, na zagi ɓeraye, na yafa gyale na tafi kasuwa na sayo ƙullin shinkafar ɓera. Guba ce da ake cuɗa wa ɗanyar shinkafa, ƙwayoyin su yi wani launi-launi. Na marmasa kan busasshen kifi a kai cikin murfin gwangwani, na tura bayan akwati. Ban gaya wa Umma ba, don ta hana shigo da guba gidan da yara ke rarrafe. Na tura, na manta.

Kowace Kirsimeti Maman 'Yanbiyu takan dafa shinkafa dafa-duka da kaji ta aika wa kowane ɗaki kwano guda. Kajin limamin layinmu take kai wa ya yanka, don kowa ya ci hankali kwance. Da Sallah mu rama. Haka ake yi tun kafin in yi wayo. Bana ma ta yi, sai dai kwanukan sun iso da azahar, kowa bakinsa a rufe. Ba wadda ta ɗanɗana. Kowane ɗaki aka rufe da faifai aka ajiye sai an sha ruwa. Umma ta ɗora namu a kan akwati. Can anjima na ji ta tana korar kyanwa, wai ta ture faifan ta sa kai.

Bayan la'asar mata suna tsakar gida, mai dama kunu na yi, mai suyar ƙosai na yi, kyanwa ta fito tana tangaɗi. Ta yi amai kusa da turmi. Ta zaga sau biyu, ta faɗi, ƙafafunta suna shure-shure, kumfa na fita ta baki. Ba ta yi kuka ba. Bayan ɗan lokaci ta miƙe, shi ke nan.

Hajiya ta matso da sandarta, ta leƙa aman daga tsaye.

"Shinkafa ta ci," ta ce.

Umma ta ce, a hankali, ita ta gan ta da idonta a kan kwanonmu.

Ba wadda ta ƙara magana. Man ƙosai yana ƙauri, ba a kula ba. Maman 'Yanbiyu ta fito da sabon zaninta na biki, mijinta ya tafi gaishe da 'yan uwa bai dawo ba. Ta durƙusa ta shafa kan kyanwar, tana ce mata wace irin rana ce ta zaɓa. Sai ta ji shirun. Ta ɗago. Wata ta jawo 'yarta ta maƙale a jiki. Wata ta shiga ɗaki ta fito da kwanonta a rufe, ta ajiye a ƙasa kusa da gawar. Ta biyu ta yi haka. Umma ma ta yi. Kwano bakwai suka jeru a tsakar gida, kowanne da faifansa.

Hajiya ta ce kada kowa ya taɓa komai. In ɗanta ya dawo daga masallaci bayan magariba zai gani da idonsa.

Maman 'Yanbiyu ta tambaya, me zai gani. Wata daga baya ta ce, ba da ƙarfi ba, ai a littafi ma haka aka yi.

Zan faɗi abin da na fara ji, ko da ba shi da kyau. Wani ɗan daɗi na ji. Abin da na zauna na ƙaga ga shi a gabana, har da kumfar. Bai daɗe ba, amma na ji shi.

Sai halin sana'a ya motsa. Tsohuwar labarina takan durƙusa ta duba abin da kowa ke ƙyama, ni ma na durƙusa. Shinkafar Kirsimeti ja ce, ta sha mai da tumatir, ta kumbura. Wadda ke cikin aman siririya ce, ɗanya, ba maiƙo, ga ɓarɓashin ƙayar kifi. Na tashi na shiga ɗaki na ja akwati. Murfin gwangwanin yana nan, an lashe shi tas.

Na zauna a ƙasa da shi a hannu. Na yi tunanin yin shiru, wannan ma ba zan ɓoye ba. Ba wanda ya san da murfin. In na fita, ni ce na shigo da guba gidan yara, ni ce na kashe kyanwa cikin azumi, ga Umma za ta sha kunya. In na yi shiru, ba abin da zai same ni. Ta taga ina jin ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar masallaci. Rana ta sauka bayan rufin maƙwabta. Na tuna bencin ƙofar gida da yawan mazan da ke zama a kai, na tuna Baba mai rini zai shigo ta nan, da hannayensa da ba ya iya ɓoyewa.

Na fito da murfin da takardar ƙullin. Na ce ni ce. Na ce shinkafar ɓera ta ci, ba ta Kirsimeti ba, kowa ya zo ya duba.

Ba wadda ta sunkuya.

"Ke 'yar nan," in ji Hajiya, "kullum kina zaune kina ƙaga ƙarya a takarda. Yau kuma da baki za ki ƙaga mana?"

Wata ta ce ai matar ce ke min ɗinki, dole in rufa mata asiri. Wata ta tuna musu cewa a labarina na biyu mai laifi ya ajiye shaidar ƙarya don ya ɓatar da sawu, murfin gwangwani kuwa kowa zai iya tsinta a bola. Sun saurare ni da kyau duk watannin nan, abin da na gane ke nan. Na juya ga Umma. Ta ce ita abin da ta gani ta faɗa, kyanwa a kan kwano. Ni ina cewa shinkafa, su suna cewa shinkafa, kowa da wadda yake nufi.

Ba ni da haƙurin gardama. Na ɗauki kwanonmu daga layin, na zauna a kan turmi, na ɗora shi a cinya na buɗe faifan.

"Ajiye," Umma ta ce.

Na ce in an kira salla da shi zan buɗa baki.

Ban taɓa ganin magariba mai nawar wannan ba. Ba wadda ta koma kan girkinta. Ƙudaje suka fara sauka a kan gawar. Maman 'Yanbiyu tana tsaye a bakin ƙofarta, hannu a harɗe, ba ni take kallo ba, kwanukanta take kallo. Umma ta zo ta tsaya a kaina, ta miƙo hannu, ta fasa. Ina jin numfashinta.

Ladan ya gyara lasifika, ya kira. Ban nemi dabino ba, ban nemi ruwa ba. Na yi bismilla na sa hannu daidai gurbin da kyanwa ta taɓa. Shinkafar ta huce, man ya daskare. Na haɗiye loma uku. Wata ta ce wataƙila ba a kowane kwano aka sa ba. Sai na sauko na bi layin, ina buɗe faifai ina ɗiba, ɗaya bayan ɗaya.

A kwano na ƙarshe, na Hajiya, hannuna ya tsaya. Na san abin da ya kashe kyanwa, ni na saya, ni na cuɗa. Duk da haka wani abu ya ce min, in fa akwai wanda ake nufi a gidan nan, ai mai gidan ce. Shuɗin hannun da na rubuta ya gifta min. Tsayawar ba ta kai numfashi biyu ba. Na ɗiba na ci.

Na koma kan turmi. Mata bakwai da azumi a baki, an kira salla, ba wadda ta sha ruwa. Hajiya tana riƙe da dabino a tsakanin yatsu. Jira suke su ga ko zan yi tangaɗi, ko kumfa za ta fito. Aka idar da salla a masallaci. Muka ji takalma a zaure.

Ɗan Hajiya ya yi sallama ya shigo, ya ga kwanuka a jere, ga matacciyar kyanwa, ga ni da maiƙo a hannu. Ya tambayi uwarsa abin da ke faruwa. Hajiya ta daɗe tana kallo na. Sannan ta ce kyanwa ce ta ci maganin ɓera, ba wani abu ba. Ya ce to kwanukan fa. Ta ce an fito da su ne su sha iska. Ta sa dabinon a baki, ta sunkuya ta ɗauki nata ta shige ɗaki. Sauran suka ɗauki nasu. Ɗan nata ya ɗan tsaya, ya dubi ɗakin ƙarshe, ya fita.

Ba a kai maganar benci ba. Baba mai rini ya dawo, ya gaishe da mazan ƙofar gida ya wuce lafiya, shi ne ma ya haƙa rami bayan gida ya binne kyanwar. Umma ba ta yi min magana ba sai da aka kwana biyu. Washegari da na je zubar da shara na ga jar shinkafa a bola, ta fi ta kwano ɗaya. Ban san ko ta su wa ce ba. Tamu dai ni na cinye.

Baba mai rini ya ci gaba da gaishe ni kamar da. Amma ya daina wanke hannu a famfo. Ruwa yake ɗiba a bokiti ya shiga da shi ɗaki.

Ranar Sallah Umma ta zuba tuwon shinkafa da miyar taushe ta ce in kai. Na tarar da Maman 'Yanbiyu tana cire kan keken ɗinki daga jikin teburinsa, ga kwalaye a ɗaure a gefe. Ta karɓi kwanon ta buɗe.

"Ba kyanwa yanzu, Marubuciya. Sai dai in ɗanɗana da kaina."

Ta gutsira ta ci a gabana, ta ce gishiri ya ji. Na ce mata, Mama, ki yafe min, ni na jawo, da littafin da gubar duka. Na ce ai magana ta mutu, Hajiya ba ta ce su tashi ba, me zai sa su tafi. Ta ce Hajiya ba ta ce ba, gaskiya ne. Ta ce ta gode da abin da na yi, kuma ba za ta manta ba. Ta rufe kwanon.

"Amma na ga lokacin da hannunki ya tsaya," ta ce. "Ke da kika san komai ke nan."

Ta juye tuwon a nata, ta wanke namu ta miƙo min.

Kafin wata ya ƙare suka koma Television. Mota ɗaya ce daga Makera, ban taɓa zuwa ba. Da farko kunya ce, daga baya garin ya zama ba a irin wannan tafiyar, mu ma muka ƙetare gada da namu kwalayen zuwa gefen da Musulmi suka fi yawa. Ɗan Hajiya ya sa aka yi wa ɗakin fenti, ya zuba kayan mota a ciki. Tarin ƙyallayen da kyanwa ke kwana a kai ya yi kwanaki a bakin famfo kafin a share.

Ɓeraye suka yi yawa a gidan bayan haka, har da rana suna yawo. Ban sake sayen komai ba. Tsohuwar tukunyar Umma na samu mai murfi, a ciki nake ajiye littattafan, in ɗora dutse a kai. Na ukun yana nan har yau, ban taɓa kai shi a buga ba. Na gwada sau ɗaya in goge shuɗin hannun in sa wata alama, biro ne, takardar ta huje.